Garin Gyaran Gira: Tarihin Wanke Cikin Kwamfuta a Katsina

In mutum zai sayi laftof ta hannu a shagunan da ke kan titin IBB ko wajen Ƙofar Ƙaura, in dai mai wayo ne, yakan ce a kwance masa bayanta ya leƙa. Abin da yake son gani shi ne bod, wato babban allon nan kore, wani lokaci shuɗi ko baƙi, wanda duk sassan kwamfuta ke zaune a kansa. In ya ga yana ƙyalli sai hankalinsa ya kwanta. In kuwa ya ga tabo kamar an ɗiga zuma ta bushe, ko ƙarzuwa a jikin koren fentin, sai ya ce "ai an taɓa ta", nan take farashi ya faɗi.

Matsalar ita ce ido ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Sau da yawa tabon da ya kori mai saye ba ya cutar da komai, shi kuwa wanda zai kashe kwamfutar kafin damina ta fita ba a ganinsa, wani lokaci ma wankin da aka yi don bod ya yi kyau shi ne ya jawo shi. Sai da masu gyara suka yi shekaru masu yawa, tun zamanin akwatin rediyo, kafin suka rarrabe tsakanin dattin da ke ɓata gani kawai da wanda ke cin ƙarfe.

Kakan mai gyaran kwamfuta na yau shi ne mai gyaran rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan ƙananan rediyoyi masu aiki da batir suka cika gari, daga zauren malam har teburin mai shayi. A cikin kowannensu akwai ɗan allo mai siraran hanyoyin jan ƙarfe a manne, dabarar da wani injiniya ɗan ƙasar Austiriya mai suna Paul Eisler ya fara gwadawa a Ingila a 1936, kuma a cikin rediyo ya gwada ta. Kafin nan waya ake ja daga wannan sashe zuwa wancan, cikin akwatin ya zama kamar sheƙar tsuntsu.

Dattin farko da mai gyaran rediyo ya fara sani shi ne na batir. A bar batir ya mutu a cikin rediyo, ya yi ta tsiyaya, sai a buɗe a tarar da farin gari kamar kanwa, ƙarfen da ke danne batirin ya ci, jan ƙarfe ya koma kore. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani: abin da ido ya gani mummuna, mummunan ne. Ina jin daga nan muka gaji tunanin cewa duk tabon da ke jikin bod cuta ne.

Datti na biyu kuwa mai gyaran ne da kansa ke kawo shi. Ana haɗa sassa a kan allo ne da narkakken ƙarfen da ake kira soda, wanda a da gaurayen kuza da dalma ne. (Abin dariya, wani kaso na kuzan da duniya ke amfani da shi a lokacin daga tsaunukan Jos ake haƙo shi, ya tafi Turai, ya dawo mana a naɗe a matsayin wayar soda.) To soda ba ta kama ƙarfen da iska ta riga ta yi wa tsatsa, komai ƙanƙantar tsatsar. Dole sai an sa wani mai da zai cinye ta a daidai lokacin da ake ɗora zafi. Wannan man shi ne masu gyara ke kira fes, kuma akwai shi a tsakiyar wayar soda ita kanta, shi ne hayaƙin nan mai ƙamshi da ke tashi in an ɗora ƙarfe mai zafi.

Na gargajiya ana samo shi daga ƙaron wata bishiya ta ƙasashen sanyi, kamar dai yadda ƙaro ke fitowa a jikin dakwara a nan wajenmu. Halinsa abin sha'awa ne: in ya yi zafi ya narke, yana cin tsatsa. In ya huce ya daskare, sai ya zama kamar gilashi, ba ya jan lantarki, ba ya shan ruwa. Wannan tabo mai launin zuma da ke korar mai saye, galibi shi ne. Rediyoyi da yawa sun yi shekara talatin da irinsa a ciki suna magana.

Amma akwai wani man, na masu like bokiti da lagireton mota. Shi ruwan asid ne mai gishirin kuloraid, yana sa soda ta kama nan da nan, ta yi sheƙi. In aka yi amfani da shi a kan allon lantarki, aikin zai fi na kowa kyau a ranar farko. Bayan 'yan watanni sai ƙafar sashen ta rube ta cire. Kyan ɗan maciji ke nan. Har gobe akwai gwangwanayen fes marasa suna a kasuwa da suka fi kusa da wannan, kuma ba a gane su da ido.

Su kamfanonin da ke ƙera allunan, wanke su suke yi tas kafin su fitar. Abin wankin shi ne wani ruwa da ake kira CFC-113, ɗan gidan su Freon na firiji. Ba ya kama wuta, ba ya cin roba, yana narkar da ƙaro, ya bushe cikin daƙiƙoƙi. Sai a 1985 masu bincike na Ingila suka ba da rahoton cewa rigar iskar ozon da ke kare duniya daga zafafan hasken rana ta ɓule a saman Antatika, kuma irin waɗannan sinadarai ne sanadi. Ranar 16 ga Satumba 1987 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal ta daina amfani da su. Mako guda bayan nan, ranar 23 ga wata, aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Babu abin da ya haɗa biyun in ba kalanda ba, amma dai duk kwamfutar da ta shigo ofisoshin sabuwar jihar a shekarun da suka biyo baya, wannan yarjejeniya ta shafe ta.

Ga yadda ta shafe ta. Da kamfanoni suka rasa ruwan wankinsu, wasu suka koma wanki da tataccen ruwa, amma mafi yawa suka ce to a daina wankin mana. Aka ƙirƙiro sabon fes mai ɗan kaɗan na sinadarin cin tsatsa, wanda zafin murhun kamfani ke ƙone kusan duka, ɗan abin da ya rage kuma ya kulle a cikin busasshen ƙaro. Tun shekarun 1990 yawancin allunan kwamfutocin gida da ofis ba a wanke su bayan an haɗa. Sabuwar laftof fil a kwali, in ka duba bod ɗinta da madubin ƙara girma, za ka ga ɗan sauran mai a gefen ƙafafu. Haka aka ƙera ta.

Nan gizo ke saƙar. Wannan saura ba ya cutarwa muddin an bar shi a kulle. In aka zo aka ɗan shafa masa sifirit da buroshin haƙori, ƙaron ya narke, abin da ke ciki ya fito, ruwan ya kwashe shi ya shigar da shi ƙarƙashin ƙananan sassa inda buroshi ba ya kaiwa, sannan ya bushe ya bar shi can. Farin hazon nan da ake gani a bod bayan an "wanke" shi, yawanci shaidar rabin wanki ce. Ka'idar da injiniyoyi suka tsaya a kai ita ce: ko dai a wanke gaba ɗaya har a ɗauraye, ko a ƙyale. Tsaka-tsakin shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Kwamfuta ba ta zama abin kowa a Katsina ba sai bayan 2001, shekarar da MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya. Cikin 'yan shekaru shagunan intanet da na buga takardu suka bazu, rajistar jarrabawa ta koma ta intanet, Kwalejin Hassan Usman Katsina na yaye ɗalibai, aka kafa jami'ar jiha a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa. Injinan da suka ɗauki wannan nauyi kusan duk tokumbo ne. Daga tashar Apapa zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko Alaba, daga can zuwa Kano, sannan a ɗoro su a mota zuwa Katsina, wasu ma su zarce Maraɗi ta Jibiya. Wata ƙungiyar Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto a 2005 cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shiga Legas duk wata, kuma 'yan kasuwar da ta tattauna da su sun ce har kashi 75 cikin 100 na iya zama matattu.

Rashin sa'a, wannan ya faɗo daidai lokacin wata annoba a masana'antar. Daga wajen 1999 zuwa 2007 an ƙera miliyoyin alluna da kafasita masu ɓataccen ruwa a ciki. Kafasita su ne 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a jikin bod, aikinsu daidaita wuta. Ruwan cikin waɗannan yana haifar da iskar haidurojin, sai gwangwanin ya kumbura, kansa ya tsage, wani abu launin ƙasa ya fito ya bushe. Kamfanin Dell kaɗai ya ware kimanin dala miliyan 300 a 2005 don wannan matsala a samfurin OptiPlex, su GX270 da GX280, irin waɗanda daga baya suka cika teburan shagunan intanet a nan.

Wannan darasi ne na biyu, kuma kishiyar na ƙaro. Ga tabo launin ƙasa, kusan iri ɗaya da na fes a ido, amma wannan alamar mutuwa ce. Goge shi ba ya warkar da komai, don ciwon na cikin gwangwani. Mai gyara na gari yakan cire kafasitar, ya wanke wurin don ruwan na cin jan ƙarfe, ya sa sabuwa. Mai son banza kuwa yakan goge kan da tsumma, ya sayar. Kwamfutar za ta tashi, ta yi kwana biyu, sannan ta fara kashe kanta da kanta.

Duk wannan tarihin duniya ne da ya iso mana a kwantena. Abin da yake namu na kanmu shi ne ƙura.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na ɗauko ƙura daga hamada, babban tushenta kuwa wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi na dubban shekaru da suka wuce. Farar ƙurar ba yashi ba ce zalla. Akwai ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu tun tuni, akwai laka, akwai gishiri iri-iri. Fankar kwamfuta kuwa aikinta ke nan zuƙo iska, don haka duk abin da ke cikin iskar Katsina yana cikin laftof ɗinka.

Muddin ƙurar a bushe take, illarta ɗaya ce: bargo. Tana toshe ƙarafan da ke fitar da zafi, sai Afrilu ya zo da zafin da ke haura digiri 40, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta doshi digiri 100, ta rage gudu don kare kanta, ko ta mutu ɗif ana tsakiyar aiki. Wannan bulowa ce maganinsa, sai dai a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Hunturu na da wani haɗarin kuma: in iska ta bushe ƙwarai, jiki na tara lantarki, irin wanda ke yin ƙyas-ƙyas in ka cire rigar sanyi. Mutum ba ya jin sa sai ya kai wajen bolt 3,000, amma ƙasa da bolt 100 na iya illata wasu sassan. Goge bod da busasshen tsumma ko buroshin roba a watan Janairu na iya kashe shi ba tare da ya bar ko ɗigon tabo ba.

Sai damina ta shigo, danshi ya hau, Agusta ta yi nauyi. Gishirin da ke cikin ƙura ya sha ruwa daga iska, ya zama siririn laima a kan allon. Abu uku ne in suka haɗu ake samun ɓarna: gishiri, danshi, da wuta. Tsakanin ƙafafu biyu masu bambancin wuta, ƙarfe na narkewa daga ɗaya, ya bi laimar, ya taru a ɗayar, yana tsirowa reshe-reshe kamar saiwar ciyawa har ya haɗe su. A tsohon rediyo tazarar ƙafafu ta kai milimita biyu ko fi, tsiron ba ya kaiwa. A laftof ta yau akwai inda tazarar ba ta kai rabin milimita ba. Kuma laftof ko a kashe take, in dai batir na ciki, akwai layukan da wuta ba ta barinsu. Shi ya sa in shayi ko kunu ya zube a kai, ko ledar fiyawata ta fashe a jaka, abu na farko shi ne zare caja da cire batir. Binne ta a shinkafa ba ya fitar da sukari da gishirin da suka riga suka shiga, ɓata lokaci ne kawai.

Da me ake wankin? A nan ma akwai tarihi. Shekaru da dama fetur ne sarki, don yana ko'ina kuma da arha, lita ta daɗe a naira 65. Yana narkar da fes, ba musu. Amma yana barin maiƙo wanda ƙura ke mannewa a kai, yana cin roba, akwai sinadarin benzin mai jawo kansar jini a cikinsa, ga ƙarfe mai zafi a gefe a cikin ɗan shago. Tina ta masu fenti ta fi shi muni, tana iya laushe robar soket ta goge rubutun jikin sassa. Sifirit na kemis ya fi su dama, sai dai yana ɗauke da ruwa. A 2020, lokacin korona, man tsaftace hannu ya shigo fagen, alhali akwai gilisarin a cikinsa, wanda ke barin danƙo mai jawo danshi. Abin da ya dace shi ne aisofurofil mai ƙarfin kashi 99, a jiƙa, a goge, a sake zuba sabo ya kwashe narkakken dattin ya gangara waje, ba a bar shi ya bushe a wurin ba.

Abin da kan ba mutane mamaki shi ne ruwa ba abokin gabar bod ba ne in babu wuta a jikinsa. Sukari da gishiri ma sun fi narkewa a ruwa. Sharaɗin shi ne ya zama tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota (ba mai asid ɗin ba fa), don na rijiya da na burtsatse suna da nasu gishirin. A bi shi da aisofurofil, a busar sosai. Manyan shaguna yanzu suna da ɗan bahon nan mai girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji, wanda ke fitar da datti daga ƙarƙashin sassa.

Sauyi na ƙarshe ya zo ne daga Turai. Ranar 1 ga Yuli 2006 dokar Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki ta fara aiki. Mu a Arewa ba ma buƙatar a yi mana wa'azi kan gubar dalma bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake dakan duwatsun zinare. Amma ga mai gyara, dokar na nufin ƙarin zafi. Tsohuwar soda na narkewa a digiri 183, sabuwar sai wajen 217. Ƙarin zafi na nufin fes ya fi ƙonewa ya yi duhu, kuma mahaɗar sabuwar soda ba ta sheƙi ko da lafiyarta ƙalau, dishi-dishi take. Wanda ya koyi aiki a zamanin rediyo, inda mahaɗa mara sheƙi ke nufin aikin banza, sai ya yi ta sake narkar da abin da ba shi da laifi.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka samu matsalar guntun hoto na kamfanin Nvidia, wadda kamfanin ya amsa a 2008. Laftof irin su HP Pavilion dv6000 da dv9000, waɗanda ɗalibai suka yi yayinsu, sukan wayi gari fuska baƙi ƙirin. Aka gano in an gasa guntun da injin iska mai zafi yakan farfaɗo. Yana farfaɗowa kam, na makonni ko 'yan watanni, don lahanin na cikin guntun ne. To daga nan ne wanki ya zama hanyar ɓoye laifi: a gasa, a wanke tabon gashin, a sayar. Masu saye suka koyi neman alamar "an taɓa ta", kuma da gaskiyarsu a wancan lokacin. Sai dai tsoron ya wuce gona da iri, ya haɗa har da gyaran kirki, har ta kai wasu masu gyara na dirzar aikin da suka yi daidai don kada a ga sawunsu.

Masana'antar kanta ta daɗe da raba waɗannan abubuwa. Akwai wani kundin ƙa'ida da ake kira IPC-A-610 da kamfanoni ke duba alluna da shi, kuma ya bambanta lahani na gaske da abin da bai yi kyan gani ba amma an yarda da shi. Sharuɗɗan na'urar asibiti ko ta jirgin sama ba ɗaya ba ne da na kwamfutar gida.

In aka bi wannan mizani, ƙarzuwa a koren fenti ba komai ba ce matuƙar ba ta yanke hanyar jan ƙarfen da ke ƙasa ba, kuma mita ce ke faɗin haka cikin daƙiƙa biyar. In jan ƙarfen ya bayyana sai a rufe shi kada damina ta same shi, akwai koren fentin da ke bushewa da fitila, in babu kuwa jan farce mara launi na yi a ƙananan wurare. Rami mai zurfi wani abu ne daban, don bod ɗin laftof hawa-hawa ne, shida, takwas ko fiye, kuma hanyoyin ciki ba a ganinsu. Ɗan duhun da zafi ya bari a fenti ba laifi, amma ƙuraje ko kumburi na nufin danshin da allon ya sha ya tafasa ya raba hawayen. Wurin da ya ƙone ya zama gawayi kuwa dole a kankare shi har a kai ga lafiyayye, don gawayi na jan lantarki. Kore ko farin gari a ƙafar sashe ba a barinsa ya kwana.

Inda wannan ya fi nauyi yanzu shi ne cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta fara komawa kwamfuta a 2013 ta koma gaba ɗaya a 2015. Kowace cibiya na da ɗaruruwan injina a zaure guda, da yawansu na hannu, suna shan ƙurar hunturu watanni, sannan a tashe su duka a tsakiyar bazara, yara na zaune a gabansu agogo na tafiya. Irin waɗannan injina ba wanka suke buƙata ba. Lokacin hure su shi ne ƙarshen hunturu, kafin zafi ya tsananta, kuma kafin ruwan farko ya sauka ya jiƙa gishirin da ke kwance a ciki.